Wiwi a Lambunan Misira da Saɓanin Malaman Fiƙihu

Ibnul Baiɗar, masanin tsirrai ɗan Andalus da ya rasu a shekara ta 646 bayan Hijira, ya tarar ana shuka wiwi a lambunan Misira, suna kiranta hashisha. Da yake limaman mazhabobi huɗu ba su yi magana a kanta ba, sai malamai suka koma ga ƙiyasi. Alƙarafi, malamin Malikiyya a Alƙahira, ya sanya ta cikin masu ɓata hankali, ba masu sa maye irin na giya ba: shanta haramun ne, amma ladabtarwa ake yi, kuma sallar mai ɗauke da ita ta inganta. Ibnu Taimiyya kuwa, wanda ya rasu a 728, ya riskar da ita ga giya, ya ce najasa ce, mai shanta kuma a tsayar masa da haddi.