Gidan Ɗan Hausa: Gadon Bature ko na Maginan Kano?

A zamanin Sarauniya Biktoriya, attajiran Ingila kan fice daga hayaƙin birni su kafa katafaren gida a ƙauye. Cragside, wanda Armstrong mai masana'antar makamai ya gina a arewacin ƙasar, shi ne gida na farko da aka haskaka da lantarkin ƙarfin ruwa. Yau yana sahun farko na gine-ginen da doka ta hana a taɓa, kuma tun 1977 ƙungiyar National Trust ke riƙe da shi.

Takwaransa a ƙasar Hausa, Gidan Ɗan Hausa, yana Nassarawar Kano, wadda a da fili ce a bayan ganuwa. Nan Hanns Vischer, haifaffen Siwizalan da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya zauna, ya kuma buɗe makarantar boko a 1909. Shi ya sa wasu ke kallon gidan a matsayin kufan mulkin mallaka kawai.

Wannan kallo ya tauye haƙƙin masu aikin. Bature ne ya kwana a ciki, amma hannun da ya mulmula tubali, ya jera azara, ya ɗaure bakan gizo har rufin soro ya tsaya ba ginshiƙi a tsakiya, na maginan Kano ne. Duk wanda ya shiga da tsakar rana a watan bazara zai ji sanyi ya ratsa shi tun daga bakin ƙofa, saboda kaurin bango. Zankwayen da ke kan soron ma ba daga Landan aka kwaikwayo su ba.

Sai dai ginin ƙasa ba dutse ba ne. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana iya hana rushewa, amma ba ta yin yaɓe kafin damina, ba ta gyara indararo. Wannan sai magini.

Ina maginan? A Masaka, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, inda ma'aikatan birnin tarayya ke neman haya mai sauƙi, kullum gini ake, bulo da siminti da kwano, ɗakin da ke zama tanda a watan Maris. Yaran da ke koyon birkila a can da wuya a sami wanda ya taɓa kwaɓa makuba.

Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, mai kula da gidan, ya kamata ta mai da gyaransa na shekara-shekara makaranta, ta haɗa tsofaffin magina da irin waɗannan matasa tun masu sanin na raye.