Makarantar Fim ta Mosko: Daga Rashin Kayan Aiki Zuwa Horar da 'Yan Afirka

Ranar 27 ga Agusta 1919 Lenin ya sa hannu a kan dokar da ta mayar da harkar fim ta Rasha hannun gwamnati. Ranar 1 ga Satumba darakta Vladimir Gardin ya buɗe makarantar koyon fim a Mosko, wadda ake kira VGIK a yau. Babu makarantar fim a duniya da ta girme ta.

An buɗe ta ana tsakiyar yaƙin basasa. Masu kamfanoni da yawa sun gudu da kayan aikinsu, zaren ɗaukar hoto kuma ya yi wuyar samu. Wani matashin malami, Lev Kuleshov, ya ƙi zama jiran kaya. Ɗalibansa suka riƙa yin wasa a dandamali kamar kyamara na ɗauka, suna kuma warware tsofaffin finafinai su sake jera su. Ɗalibinsa Pudovkin ya ba da labarin gwajin da ya fito da sunan malamin: an ɗauki hoton fuskar jarumi Ivan Mozzhukhin, ba fara'a ba fushi, aka haɗa shi da kwanon miya, sannan da gawa a akwati, sannan da wani hoton daban. Duk lokacin da aka sauya hoton da ke biye, sai masu kallo su rantse cewa fuskar ta sauya, alhali ita ce dai. Darasin da makarantar ta ginu a kai ke nan: ma'anar fim tana fitowa ne daga yadda aka yanka hotuna aka jera su.

A 1930 aka ɗaga ta zuwa babbar cibiya. Sergei Eisenstein, wanda ya yi Battleship Potemkin a 1925, ya koyar da aikin darakta a cikinta. Da sojojin Jamus suka tunkari Mosko a 1941 aka kwashe ta zuwa Alma-Ata, ta dawo a 1943. Andrei Tarkovsky ya kammala karatu a nan a 1960, a 1986 kuma aka sa mata sunan darakta Sergei Gerasimov.

Bayan ƙasashen Afirka sun sami 'yancin kai, Tarayyar Sobiyet ta riƙa ba 'yan Afirka guraben karatu. Souleymane Cissé na Mali ya yi karatu a VGIK, fim ɗinsa Yeelen ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes na 1987. Abderrahmane Sissako na Muritaniya ya bi sawunsa a shekarun 1980, fim ɗinsa Timbuktu na 2014 ya kai ga takarar Oscar.

Matasanmu na Kano da Maradi da Dakoro da ke ɗaukar fim da waya sun fi ɗaliban Kuleshov kayan aiki nesa ba kusa ba. Abin da ya rage musu shi ne su zauna su koyi editin da gaske.