Yadda Za A Tantance Shawarwarin Magina Da Ƙiyasin Kuɗi Wajen Gyaran Bututun Hayaƙi

Bututun hayaƙi shi ne mafitar da ke ɗauke hayaƙi daga murhu ko tanda zuwa saman rufi. Ana samun sa a madafar wasu gidaje, da gidajen burodi, da madafar makarantun kwana. Idan ya lalace, sau da yawa magina kan sha bamban: wani ya ce shafe kawai yake buƙata, wani ya ce sai an rushe. Shawararmu ita ce a fara gano ainihin matsalar kafin a kwatanta farashi.

Muhimmancin gyaran

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta jawo mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020. Bututun da ya toshe yakan mayar da hayaƙi cikin ɗaki tare da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari amma tana kisa. Haka kuma kunkunniyar da ta taru a ciki tana iya kamawa da wuta, ta bi tsaga ta kai ga katakon rufi.

Matsalolin da aka fi samu

1. Toshewa da kunkunniya ko sheƙar tsuntsu. Maganinta shara ne, ba gini ba.
2. Yoyo a mahaɗar bututu da kwano. Wurin kaɗai ake gyarawa.
3. Tsagewar da ta ratsa daga ciki zuwa waje. Shafen siminti yana ɓoye ta ne kawai, domin siminti na yau da kullum ba ya jure zafi mai tsanani. Ɓangaren da ke kusa da wuta na buƙatar bulo mai jure zafi.
4. Karkacewa ko nutsewar tushe. A nan ne rushewa ke zama dole.
5. Gajarta. Ƙa'idar gini ta Amurka ta tanadi bututu ya ɗara inda ya huda rufi da ƙafa 3, ya kuma ɗara duk wani sashen gini da ke tsakanin ƙafa 10 da shi da ƙafa 2. Gajeren bututu ba ya jan hayaƙi sosai.

Idan shawarwari sun saɓa

Muna ba da shawarar a nemi ƙiyasi daga magina uku, kowa shi kaɗai. A buƙaci kowannensu ya hau rufi, ya leƙa cikin bututun, ya nuna matsalar ido da ido ko a hoton waya. Wanda ya yanke farashi yana tsaye a ƙasa bai duba aikin ba. Daga nan a gabatar wa kowa ra'ayin ɗan'uwansa, ba tare da faɗin farashi ba, a ji hujjarsa. Idan saɓanin ya shafi rushewa, a nemi ma'aikacin sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ko wani injiniya da ba shi da rabo a kwangilar.

Kwatanta ƙiyasi

Bayan an tsayar da aikin da za a yi, sai kowa ya rubuta farashinsa a kan wannan aikin guda. Takardar ta nuna yawan bulo da buhunan siminti, da ladan aiki daban, da kuɗin kwashe ɓaraguzai, da kwanakin aiki. Ƙiyasi mafi araha yakan zama wanda aka tsallake wani abu a cikinsa, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kada a biya kuɗi gaba ɗaya. A ba da kafin alƙalami a gaban shaidu, a riƙe wani kaso har sai an hura wuta an ga hayaƙi na fita ta sama kaɗai.

Ga jami'an ƙananan hukumomi

Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta Tarayya ta 2007 ta fifita mafi ƙarancin farashi ne a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan aikin. Muna kira ga jami'ai da su bi wannan tsari tare da dokar jiha, su kuma kammala irin waɗannan gyare-gyare kafin faɗuwar damina.