Daga Bompai Zuwa Murhun Uwargida

Uwargida, in kika tambayi tsofaffin Ungogo ko Minjibir ko Dawakin Tofa yadda suke hulɗa da birnin Kano a da, jaki za su fara ambata miki. Tun asuba ake kora jakai da itace a nufi birni, in an sayar kuma ba a dawowa da mangala wayam, sai an ciko ta da taki, wato toka da kashin awaki da sharar gida. Wani Bature, Michael Mortimore, da ya binciki gonakin kewayen Kano a shekarun 1960 ya rubuta labarin wannan safara. Itacen da ƙauye ya bayar, tokarsa ce ke komowa gona. Ba wanda ya ci bashin wani.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kasuwa, daga baya aka ware Bompai domin masana'antu: masu matsar man gyaɗa, masaƙu, masu jima, masu alewa. Da kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970 sai aka ƙara Sharaɗa da Chalawa. Samarin ƙauyukan kusa da yawa suka jingine fartanya suka hau keke zuwa aikin kamfani, masu aikin masaƙa kuwa su dawo da ƙurar auduga a gashi, sauran a ƙirji. Warin jima kam ba sai an ba da labari ba, duk wadda ta taɓa ratsa Chalawa da rana ta sani. Dattin ruwan Bompai kuma rafin Getsi ke kwasa ya zuba a Jakara har madatsar Wasai a ƙasar Minjibir, amma wannan zancen ruwa ne, mu bar shi sai wata rana.

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin nan na SAP. Naira ta faɗi, kayan aiki suka yi tsada, ga wutar lantarki ba tabbas, kamfanoni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Za ki ce to ai iska ta huta ke nan. Ina! Hayaƙin da ke fita ta dogon bututu can sama, shi ne ya rarrabu ya sauko daidai hancin mutane. Kowane shago da janaretansa. Waɗanda aka sallama daga aiki da yawa suka koma acaɓa, da irin baburan da ke ƙona baƙin mai tare da fetur. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a birni a 2013, A Daidaita Sahu ta gaje shi, hayaƙi bai tafi ko'ina ba.

To takin nan fa? Shi ma ya canja. Sharar birni yanzu cike take da leda, sai manomi ya tsince ko ya cinna mata wuta a gefen gona, baƙin hayaƙin ya bi iska ya shiga gidaje. Kuma mu faɗi gaskiya, mata nawa ne ke hura wuta da leda in itace ya jiƙe? An janye tallafin kananzir a 2016, na fetur a 2023, komai ya hau, gidaje da dama da suka saba da risho ko gas suka koma gawayi da itace da kara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2, kuma mata da ƙananan yara sun fi kowa shaƙarsa.

A ganina lokacin hunturu ya fi muni. Ƙura na tasowa daga ƙasar Chadi, sanyin safiya ya danne hayaƙi ya hana shi tashi, uwargida kuma ta shige da murhu ɗaki ta ja ƙyaure don gudun iska. Ita dai takan kau da kai ta goge hawaye da bakin zane. Goyon da ke bayanta ba ya iya kau da kai, ga shi numfashinsa ya fi nata sauri.