Bin sawu da iyakar ƙasa: abin da Arlit ta gani

A al'adar Abzin, idan mahara suka kore raƙuma, masu dukiya kan bi sawu har inda ruwan salkarsu ya ƙare, ba mai tambayar ƙasar wa aka taka. Dokar zamani ta riƙe rabin wannan al'ada. A cikin gari, wanda aka riska yana tsakiyar aikata babban laifi, kowa na da ikon cafke shi ya miƙa wa jandarma. Amma a bakin iyaka ikon ya yanke. Ko a teku, inda yarjejeniyar 1982 ta halatta korar jirgin da ya karya doka, korar takan tsaya da zarar ya shiga ruwan ƙasarsa ko na wata ƙasar. A tudu kuwa, sai maƙwabci ya yarda.

Arlit ta ɗanɗana ɗacin wannan ƙa'ida. Ranar 16 ga Satumba 2010, cikin dare, mayaƙan Alƙa'ida ta Magrib suka sace mutum bakwai a garin: ma'aikatan Areva da Satom, da matar ɗayansu. Suka yi arewacin Mali da su. Abin takaici, tun watan Afrilun shekarar Aljeriya da Mali da Muritaniya da Nijar suka kafa hedikwatar soja ta haɗin gwiwa a Tamanrasat saboda irin wannan rana. Shugaban Mali, Amadou Toumani Touré, ya ma yarje wa maƙwabta su bi ƴan bindiga cikin ƙasarsa. Sai dai izini daban, motoci da mai da sanin hanya daban. Ta sasantawa aka sako uku a Fabrairun 2011, sauran huɗun kuwa sai Oktoban 2013.

Da aka sace samarin Faransawa biyu a Yamai a Janairun 2011, an bi sawun da gaske. Dakarun Nijar suka kora, sojan Faransa suka far wa maharan a cikin Mali. Samarin biyu suka mutu, har da wasu jandarmomin Nijar.

A 2017 rundunar G5 Sahel ta sa wa haƙƙin ma'auni: kilomita 50 bayan iyaka. Aljeriya, wadda iyakarta ta fi kusa da ma'adinan Arlit, ba ta taɓa shiga ƙungiyar ba, Nijar kanta kuma ta fice a Disambar 2023.