Tarihin Gasar Ironman

Ironman gasa ce ta juriya da ake haɗa wasanni uku a rana ɗaya ba hutu: ninƙaya ta kilomita 3.8, tseren keke na kilomita 180, sai gudun fanfalaki na kilomita 42.2. Jimilla kilomita 226 ke nan, kuma a yawancin wurare awa 17 ake ba mutum ya kammala. Ita ce mafi shahara cikin dogayen gasannin tirayatalon.

Tirayatalon na zamani ya fara ne a San Diego ta Amurka, ranar 25 ga Satumba 1974, da mutum 46. Cikinsu akwai John Collins, hafsan sojan ruwa, da matarsa Judy, waɗanda daga baya aiki ya kai su Hawai. A can ne, a 1977, gardama ta kaure a wurin bikin raba kyaututtuka na wani tsere: tsakanin mai iyo, mai gudu da mahayin keke, wa ya fi juriya? Iyalan Collins suka kawo shawarar a haɗe manyan gasanni uku na tsibirin Oahu, wato ninƙayar Waikiki, tseren keke na kewaya tsibirin, da fanfalakin Honolulu. Wanda ya fara gamawa, shi za a kira mutumin ƙarfe, wato Ironman.

Ranar 18 ga Fabrairu 1978, mutum 15 suka faɗa ruwa, 12 suka kai ƙarshe. Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46 da daƙiƙa 58. A shekarar da ta biyo baya Lyn Lemaire ta zama mace ta farko da ta kammala, mujallar Sports Illustrated kuma ta buga dogon rahoto a kan gasar. Gidan talabijin na ABC ya fara ɗaukarta a 1980. A 1981 Valerie Silk, wadda ragamar ta koma hannunta, ta mayar da ita Kailua-Kona da ke babban tsibiri, inda hanya ke ratsa baƙaƙen duwatsun aman wuta, ga zafi ga iska mai neman kayar da mai keke.

Abin da ya fitar da sunan gasar a duniya ya faru ne a Fabrairun 1982. Julie Moss, ɗaliba 'yar shekara 23, ta ga gasar a talabijin ta shiga domin binciken kammala karatunta. Tana kan gaban mata har dab da ƙarshe, sai jiki ya ƙi. Ta faɗi, ta miƙe, ta taka kaɗan, ƙafafu suka sake lanƙwashewa. Saura 'yan taku, Kathleen McCartney ta wuce ta. Duhu ya riga ya shiga, jama'a sun yi cirko-cirko a gefe, ita kuwa Moss ta dafa ƙasa da hannuwa ta yi rarrafe har ta taɓa layi, daƙiƙa 29 bayan McCartney. Mutum zai zaci wannan hoto zai kori jama'a. Sai ya jawo su. A ganina nan ne asirin yaɗuwar Ironman yake: mai kallo ya ga mutum irinsa, ba wani gwarzo ba, yana ja da gajiya har ya kai, sai zuciya ta fara raya masa cewa shi ma zai iya.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka kalli rarrafen a talabijin shi ne Mark Allen, tsohon ɗan ninƙaya. A Oktoban shekarar ya shiga gasar Kona. Shekaru ya yi yana shan kaye a hannun Dave Scott, sai a 1989 suka yi tafiyar kusan awa takwas kafaɗa da kafaɗa, kafin Allen ya tsere masa a wani hawa kusa da ƙarshe, ya yi nasara da tazarar daƙiƙa 58. Kowannensu ya ci kambun sau shida. Paula Newby-Fraser, haifaffiyar Zimbabuwe da ta tashi a Afirka ta Kudu, ta zarce su duka, sau takwas ta ɗauka.

Gajeren tirayatalon ya shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000. Ironman ta ci gaba a hannun kamfani mai zaman kansa, wanda ke shirya gasanni a nahiyoyi daban-daban, har da ta birnin Gqeberha a Afirka ta Kudu. Gurbin Kona yawanci sai an ci shi a irin waɗannan gasanni. A 2018 Bajamushe Patrick Lange ya zama na farko da ya gama Kona ƙasa da awa takwas.

Talaka ba ya shiga wannan gasa cikin sauƙi, domin kuɗin rajista, keke da tafiya suna da nauyi, ga watannin atisaye. Duk da haka mafi yawan masu shiga ba ƙwararru ba ne, ma'aikata ne da iyaye da tsofaffi. Saboda su ake cika bakin layi a awar ƙarshe, ana tafi ana kiran sunan kowa da lasifika, zakarun da suka gama tun rana kan dawo su rataya musu lambar yabo. A Kona ta 2018 ɗin, Hiromu Inada ɗan Japan ya iso a cikin wannan awa, saura mintoci kaɗan a rufe, yana da shekara 85.