Lahadin 'Yan Ci-rani a Ankara da Bafaranshen da Ya Ɗauke Su a Majigi

Duk wanda ya ratsa Zongo Lane a yau, ya ga yadda ma'abota ciniki ke gogayya da juna tun hantsi har magariba, ba lalle ya tuna ba cewa nan ne ɗaya daga cikin wuraren da Hausawa suka fara yada zango a Ankara, tun zamanin Malam Naino, kafin ɗansa Malam Bako ya kafa Sabon Zango, kafin kuma Malam Amadu Futa ya sari Nima. A waɗannan unguwanni ne baƙi daga arewa, Hausawa da Zabarmawa da Fulani, suke sauka idan kaka ta wuce, su kwana shida suna dako a kasuwa, ko haƙar lambatu, ko sauke kaya a bakin teku, domin a lokacin ba a buɗe tashar Tema ba, jiragen ruwa daga nesa suke tsayawa a yi ta jigila da kwale-kwale. Ranar Lahadi kaɗai ce tasu.

Cikin shekarar 1954 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya sauka Gwalkwas, wato Ghana ta yau, yana binciken al'amarin waɗannan matafiya. Asalinsa injiniya ne na hanyoyi da gadoji, wanda aiki ya kai shi Nijar a 1941, ɗaukar majigi kuwa sha'awa ce ta ja shi, har ya sayi wata 'yar na'ura ta hannu a kasuwar gwanjo ta Paris, irin wadda ake wana ta kamar agogo, ba ta cika rabin minti tana ɗauka sai ta tsaya a sake wanawa. Da ita ya bi wata jama'a ta masu bori da ake kira 'yan Hauka zuwa bayan gari wata Lahadi, inda suka hau bori suna kwaikwayon Gwamna da hafsoshinsa, kumfa na zuba daga bakunansu, sa'an nan kashegari ya same su a bakin aikinsu, cikin natsuwa da fara'a, kamar ba su ba.

Wannan majigi shi ne Les Maîtres fous, wanda hukumar Ingilishi ta hana nunawa a Gwalkwas, ɗaliban Afirka da ke Paris kuma suka ƙyamace shi. A ganina suna da hujja, gama wanda bai san Zango ba zai zaci wannan ce ɗabi'ar mutanenta, alhali kuwa jama'a ce ƙalilan a tsakiyar al'umma mai masallatai da makarantun allo da malamai masu karantar da fiƙihu a zaure.

Amma adalci ya wajabta a ambaci Jaguar, wanda ya ɗauka a wannan tafiya, bai fito ba sai 1967. A cikinsa abokansa uku, Damure Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaudel, suka taso daga Nijar har gaɓar teku, Illo ya shiga dako a tashar Ankara, Damure ya sami aiki wurin masu katako, Lam ya kasa kaya a kasuwar Kumasi, kuma su da bakinsu suka ɗora bayani a kan hotunan, suna raha suna gardama. Hakika ban san wata shaida da ta adana tafiyar ɗan ci-rani, da adonsa na ranar hutu, da tsarabar da yake rabarwa idan ya koma gida, kamar wannan ba.

Darajarta ta ƙaru bayan Nuwamba 1969, sa'ad da gwamnatin Ghana a ƙarƙashin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda wa'adin mako biyu, gidaje da yawa na Zango suka watse. Rouch kansa ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004.

Har yanzu akwai dattawa a Nima da Mamobi waɗanda suka ga wancan zamani da idonsu. Ina roƙon samarinmu, da kowannensu ke riƙe da wayar da ta fi na'urar Rouch ƙarfi, su keɓe Lahadi guda su zauna gabansu, su ɗauki labarinsu tun suna da rai.